Ranar da Baba Ya Sayi Zumarsa

Tun kafin a buga ƙararrawar sujada Baba Azariya ya gaya wa 'yarsa cewa ranar nan ba za ta ƙare lafiya ba.

"Tun daga Fadan Kagoma gabana ke faɗuwa, Keziya."

"Haba Baba! Kullum gabanka faɗuwa yake. Ranar da na sami aikin koyarwa ma haka ka ce."

Ta yi dariya, ta ci gaba da ɗaura jan kyalle a wuyan babbar kwalbar zumar da ya kawo mata daga amyarsa. Ranar godiyar kaka ce a cocin su Keziya da ke Kafanchan. Kowa zai kawo abin da Allah ya ba shi, bayan sujada a yi gwanjonsa a fili, kuɗin kuma a gyara rufin coci da su.

Can sai ga baƙar mota ta shigo tana sheƙi. Dokta Rufus ne, saurayin Keziya, likita a wani asibiti a cikin gari. Iyaye sun riga sun zauna: kafin Kirsimeti zai kawo kayan aure, bayan Ista a ɗaura.

Ya durƙusa ya gai da Baba. Baba ya amsa, amma idonsa na kan motar, irin kallon da yake wa hadari in ya shanya citta.

Rufus ya matso kusa da Keziya, ya rage murya.

"Kezi tawa, yau duk wanda ya sa hannu a zumar nan, da ni zai yi. Sai duk Kafanchan ta san ke tawa ce."

"Ka yi a hankali dai. Ka san abin da ke gabanmu."

"Bar min wannan, zuciyata."

Aka tashi daga sujada, aka jera kujeru a ƙarƙashin mangwaro. Dattijo Nicholas ya karɓi makirfo, mutumin da ke iya sa marowaci ya sayi zakara da kuɗin akuya. Aka sayar da doya, aka sayar da buhun masara, aka sayar da bunsuru. Sai aka ɗauko wani kek mai hawa uku.

"Jama'a, wannan daga hannun Sista Hellen ne!"

Keziya ta gyara zama. Ta san Hellen. Nas ce a ɗakin da Rufus ke aiki, doguwa, mai yawan dariya. Sunanta ya cika fitowa a wayar Rufus, kullum kuma amsar ɗaya ce: "Maganar majiyyaci ce."

Dickson, mai babban kemis a bakin kasuwa, ya ɗaga hannu.

"Dubu ashirin."

"Mai sayar da magani ya yi magana!" in ji Nicholas. "To ina mai rubuta maganin? Dokta, ko albashi bai shigo ba ne?"

Wuri ya ɗauki dariya. Keziya ta ga kunnen Rufus ya motsa. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Rufus, kar ka..."

"Hamsin!"

Dickson ya ƙara. Rufus ya ƙara. 'Yan kwaya, mawaƙan coci, suka fara buga ganga, mata suna guɗa. Duk lokacin da Dickson ya yi murmushi sai hannun Rufus ya tashi sama kamar ba a jikinsa yake ba. Keziya ta daina jin lissafin, har Nicholas ya yi ihu:

"Dubu ɗari uku! Ya tafi! Dokta namu na kanmu!"

Hellen ta taso tana rawa, ta miƙa masa kek har da russunawa. Aka ɗauke su hoto su biyu.

Abu na gaba da aka ɗaga, kwalba ce mai jan kyalle.

"Zumar Kagoma zalla, daga hannun amaryarmu ta gobe, Malama Keziya!"

Duk idanu suka koma kan Rufus. Shi kuwa ya zuba wa takalminsa ido.

Wani ya ce dubu biyu. Ba wanda ya ƙara. Nicholas ya yi wasa, ya yi kirari, Rufus bai ɗago ba. A bayan Keziya wata mata ta ce wa ta kusa da ita, ba ma a hankali ba:

"Ashe a asibiti an fi son kek."

Keziya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai ta ga wani hannu ya tashi a layin dattawa, hannu mai kaushi da ta sani tun tana goye.

"Dubu goma," in ji Baba Azariya.

Ya zaro kuɗin daga aljihun ciki, wanda ta san na maganin feshin gonarsa ne. Ya karɓi zumar da ya ɗebo da hannunsa, ya rungume ta, ya koma ya zauna bai kalli kowa ba.

A bakin mota Rufus ya tare ta.

"Kezi, ki saurare ni..."

"Ka je Sista Hellen ta saurare ka!"

"Me ya kawo Hellen a ciki?"

"Au, tambayata ma kake? Ka zubar da kuɗin kayan aurenmu a kan kek ɗinta a gaban duk ikkilisiya, ni kuma ka bar ubana ya sayi zumarsa!"

"Ba ki ga yadda Dickson ke kallona ba ne?"

"Na ga yadda ita take kallonka! Tun yaushe, Rufus? Faɗa min, tun yaushe?"

"Na rantse da..."

"Kar ka rantse a harabar coci."

Ta kama hannun Baba suka fita a ƙasa.

Kwanakin da suka biyo baya Keziya ba ta iya cin abinci ba. Hoton nan ya zaga wayoyin 'yan coci. Ta buɗe shi ta ƙara girmansa, ta duba inda yatsun Hellen suka tsaya, ta goge shi, ta sake roƙon a turo mata. A aji ta rubuta lissafi a allo, yara suka gyara mata. Da abin ya ishe ta, aka tashi daga makaranta ta wuce asibitin kai tsaye.

Ta sami Hellen a ɗakin hutun nas-nas, ta cire takalmi tana shan shayi.

"A'a, amarya! Shigo mana."

"Ba zama na zo yi ba, Sista. Tambaya ɗaya ce. Me ke tsakaninki da Rufus?"

Hellen ta kalle ta, sai ta fashe da dariya har shayi ya zube mata a fararen kaya.

"Ni? Da Dokta Rufus? Yesu ya tsare! Abeg zauna, 'yar'uwa."

Ta buɗe ƙaramin firij, ta fito da faranti mai guntun kek da ya bushe.

"Kin gan shi? Nan ya jefar da shi washegari. Ko ɗanɗanawa bai yi ba, mu da masu shara muka cinye. Ranar nan da akuya aka ɗaga, ko tsintsiya, indai Dickson ya taya, haka zai yi. Ni ko fuskata bai gani ba."

"To kiran da kike masa kullum fa?"

"Rabi na majiyyata ne. Rabi kuwa ni ce uwar adashenmu, shi kuma ba ya zubi sai an bi shi." Ta girgiza kai. "Ke kina ganin mota da kwat. Mu muke ganin tsakiyar wata. Motar nan daga albashi ake yanka kuɗinta. Ya gama aiki nan ya ruga asibitin kuɗi ya ƙara wani, idonsa ja wur. Kafin wata ya mutu, a wurin mai abincin bakin get yake ci bashi sai an yi albashi. Ba shi kaɗai ba, da yawansu haka suke. Da an ce 'Dokta' a lasifika, hankalinsu ya tafi."

Keziya ta zauna a bakin benci. Ta zo da shirin faɗa, yanzu ba ta da wanda za ta yi da shi. Kuma maimakon sanyi, sai ta ji zafin ya ƙaru. Da mace ce, da ta san yadda za ta yi: ta fi ta kwalliya, ta fi ta girki, ko ta ja ta gaban matar fasto. Amma tafin jama'a fa? Ta ina za ta fi shi daɗi a kunnen Rufus?

Ranar Asabar ta tafi gida Fadan Kagoma. Ta sami Baba a bayan gida yana juya cittar da ya shanya, 'yar kaɗan ɗin da cuta ta bar masa. Kwalbar zumar tana kan taga, da jan kyallenta.

"Na yi magana da kawunanki," in ji shi, bai ɗago ba. "A dakata da maganar auren nan."

"Baba..."

"Ni ban yi boko mai zurfi ba, Keziya. Ban san albashin likita ba. Amma tun ranar nan ba na barci. Ba talauci nake jin tsoro ba, a cikinsa na raine ki. Tsorona ranar da za ki yi naƙuda, ko ɗanki ya kwanta, a ce mijinki ya ba da kuɗin a taro saboda an buga masa ganga."

"Ina son sa, Baba."

"Na sani. Abin da ke hana ni barcin ke nan."

Ta durƙusa kusa da shi tana kuka. Ba za ta iya tsallake maganarsa ba, mutumin da ya sayi zumarsa don kar a yi mata dariya. Amma ko da take fushi, ƙarar kowace mota sai ta ɗaga kai.

Ba mota ce ta zo ba. Ɗan acaba ne ya sauke Rufus a ƙofar gida, wandonsa duk jar ƙasa. Ya zo ya zube a gaban Baba.

"Ina motar?" in ji Baba.

"Na mayar wa dila, Baba. Zai sayar a biya abin da ya saura."

Rufus ya ci gaba:

"Na ci mutuncinka, na ci na Keziya. Ba ni da hujja. Amma Baba, ƙauyenmu kaf aka yi karo-karo na yi karatun nan. Mata sun sayar da kaji. Tun ranar da na gama, ba wanda ya sake kirana Rufus. Ana buga sunana a katin gayyata ba a ma tambaye ni ba. In na ce ba ni da shi, sai in ga kamar na ce musu kajinsu sun tafi a banza."

"Ni kuma fa?" in ji Keziya. "Kowa na da rabo a jikinka, har Dickson. Ni ce kawai in na riƙe rigarka ba ka ji."

"Na ji, Kezi. Wallahi na ji. Hannun ne ya riga ni."

"Motar ba ita ce ciwon ba, ɗana," in ji Baba. "Ranar Lahadi mai zuwa zumuntar matan cocinku za su ƙaddamar da sabon anko. Na ga katin, sunanka ne a sama. Zan zo."

Ya zo kuwa. Coci ta cika, Dickson na layin gaba ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Keziya ta zauna can tsakiya kusa da Baba.

Nicholas ya karɓi makirfo.

"Yanzu sai babban mai ƙaddamarwa! Mutumin da ya girgiza Kafanchan ranar godiya! Dokta namu na kanmu!"

Ganga ta tashi. Mata suka yi masa rakiya da rawa har gaba. Keziya ta ga kunnen nan ya motsa, ta ga kafaɗarsa ta buɗe. Ta runtse ido.

"Iyayena mata," in ji Rufus. Ya yi gyaran murya, ya sake yi. "Ina da aure a gabana. Abin da zan iya yau... dubu biyar ne."

Gangar ta mutu a tsakiyar kiɗa.

"Dokta, makirfon ne bai da kyau, ko dubu ɗari biyar ka ce?"

"Biyar, Baba Nicholas. Biyar kawai."

Dickson ya yi dariya da ƙarfi. Wasu suka taya shi. Wata tsohuwa a cikin zumunta ta yi guɗa ita kaɗai, ba wanda ya san ko yabo ne ko ba'a. Rufus ya sauko, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya wuce kujerar manyan baƙi, ya ratso har inda Keziya take. Ta matsa masa. Ya zauna. Ta kama hannunsa ta riƙe gam a kan cinyarta.

"Kowa dariya yake min," ya ce a hankali.

"Ni ba na yi, masoyina."

Bayan an tashi, Baba Azariya ya zaro kwalbar nan daga jakarsa ya miƙa masa.

"Taka ce tun farko. Ka ce wa iyayenka su zo mu sake zama."

Ya juya da sauri yana share ido da hularsa.

Keziya ta raka Rufus bakin titi neman acaba, yana rungume da zumar. Kafin su kai, wayarsa ta yi ƙara. Shugaban matasan ƙauyensu ne, yana tuna masa cewa an riga an buga sunansa a katin bikin Kirsimeti. Rufus ya ce zai kira shi daga baya, ya mayar da wayar aljihu, ya kalli Keziya.

An bar ranar aure yadda take, bayan Ista. Amma watan Disamba na nan tafe da bukukuwansa da gangunansa, kuma ko Rufus zai iya riƙe hannunsa a gaban mutanen da suka sayar da kajinsu dominsa, Baba bai sani ba, Keziya ba ta sani ba, shi kansa Rufus bai sani ba.