Hayaƙin Sadin a Sabuwar Unguwa

"Benedita, wannan kwalin ba shi ne na ɗaure da safe ba?"

Telmo ne tsaye a tsakar ɗaki da igiya a hannu, yana kallon kwalin da ke buɗe wayam. Tukwanen da muka jera a ciki sun koma kan kanta, kowace a mazauninta.

"Shi ne," na ce a hankali.

"To ƙafafu suka yi?"

"Mama ce..."

Ya saki igiyar ya zauna. Tun farkon mako haka muke fama: mu ɗaure da safe, da mun juya baya Mama ta kwance. Likita ne ya ce gwiwoyinta ba za su ƙara jure matakalar gidanmu na kan tudu a garin Nazare ba, shi ya sa yayana Abilio ya samo mata gida marar bene kusa da shi a Leiria. Bakinta ya amsa, hannunta ne ya ƙi.

"Masoyiyata," in ji Telmo, "bara kin ce in bari a gama makokin Baba kafin mu yi aure, na bari. Kika ce sai an tashi. Yanzu tashin ma ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Gidan da na kama mana a Coimbra ni kaɗai ne a ciki, ina hira da bango."

"Kana so in bar ta a wannan halin?"

"Ban ce ba."

"Idonka ya faɗa ai."

"Idona ƙurar kwali ce ta shige shi."

Na so in yi dariya, sai ga hawaye. Ina son Telmo kamar raina, kuma na san haƙurin ɗan adam yana da iyaka. Amma ina zan kai uwata?

Muna haka Mama ta shigo cikin baƙaƙen kayanta na takaba, tana dafa bango. Ko kallonmu ba ta yi ba, ta wuce taga.

"Dona Olinda," Telmo ya ce mata cikin ladabi, "gidan ne bai yi miki ba?"

"Gida ai gida ne, ɗan nan."

"To mene ne?"

Ta tsaya tana kallon tagar maƙwabciyarmu Zulmira, wadda suke faɗa a kan igiyar shanya tun kafin a haife ni.

"A can da wa zan yi faɗa?" ta ce. "A nan in ban buɗe taga ba kafin ƙararrawar coci, waccan mai bakin tsiyar za ta zo ta daki ƙofa ta tambaya ko na mutu ne. A can wa ya san ni? Sai dai a ce tsohuwar nan ta gidan ƙarshe..."

Muryarta ta karye. Ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Ni duk a zatona ɗakin Baba ne ba ta son bari.

Telmo ya sosa ƙeya. "Ranar Asabar mu je can. Ba tashi za mu yi ba, ko cokali ba za mu ɗauka ba. Abincin rana kawai, mu dawo."

"A gidan da ba ko kujera?"

"Zan zo miki da kujera."

Asabar da safe ya sayo ɗanyen kifin sadin a bakin teku, da burodin masara, da gawayi. Da muka isa sabon gidan Mama ta ƙi shiga ciki, ta zauna a ɗan tsakar gidan na baya, jakarta a cinya kamar mai jiran likita.

Telmo ya jawo wani murhu da ya tarar a wurin har jikin katanga, ya zuba gawayi, ya yi ta fifita. Hayaƙi ya turnuƙe ya haura gidan maƙwabta.

"Ka matso da shi nan mana," na raɗa masa. "Ba ka ga shanyar mutane ba?"

"Na gani, rabin raina. Miƙo gishiri."

Ba a jima ba sai ga kai ya leƙo ta saman katanga, wata tsohuwa gajera mai jan kumatu.

"Wane marar tarbiyya ne ya mayar min da zannuwan gado ƙyafaffen kifi?"

"Ki yi haƙuri, Dona," Telmo ya fara, sai ta katse shi, idonta a kan murhu.

"Kai, ko kayan cikin ba ka cire ba? Haka za ka ba uwarka ta ci?"

Sai na ga Mama ta ajiye jaka a ƙasa.

"Sadin ake cire wa kayan ciki? A gidan wa?"

"A gidan masu tsafta."

"Baiwar Allah, kin taɓa ganin teku kuwa, ko sai a kalanda?"

"Ni Piedade ake tambaya? Mijina direban motar kifi ne shekara da shekaru."

"Direba! Nawa mijin shi yake kamo abin da naki yake ɗauka."

Mama ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, ta karɓe mafici daga hannun Telmo ta ture shi gefe. "Matsa, kai ma ba ka iya ba." Ta barbaɗa gishiri, ta juya kifin da yatsunta, ta ɗora guda a kan burodi har man ya jiƙa shi, ta miƙa ta saman katanga.

"Ci, sannan ki yi magana."

Dona Piedade ta ci. Ta lashe yatsa. "Gishiri ya yi yawa."

"To kawo."

"Ƙaro min dai ɗaya in tabbatar."

Kafin mu gama ci ta zagayo da kujerarta da tukunyar kofi. Mama kuwa ta shige gidan tana buɗe tagogi. "Kantar tukwane nan za ta zauna. Gadona ku sa shi jikin wannan tagar, ina so in ga abin da matar nan take shanyawa."

Na ja Telmo gefe. "Ka san da ita?"

"Abilio ne ya ce duk layin nan ba mai bakinta." Ya yi murmushi. "Na ce to, an samu magani."

Na kifa kaina a ƙirjinsa, rigarsa sai ƙaurin hayaƙi, ban damu ba.

Ranar tashi an sha kuka. Zulmira ta rungume Mama a bakin ƙofa suna ta zagin juna cikin hawaye, ta ce za ta zo duba ko tana share gidan. Mama ta shafa bangon ɗakin Baba, ta yi addu'arta, ta sauko matakalar a hankali ba ta waiwaya ba.

Ban bar ta ba sai da labule ya hau kowace taga. Wata safiya ina goge mata kanta ta ƙwace tsumman.

"Ke kuma me kike jira a nan?"

"Mama, ai ba ki gama sabawa ba..."

"Ni na ce miki? Yaron nan ya rame, wuyansa kamar na zakara. Ku je ku ga limamin coci tun kafin wata ta ɗauke shi." Ta kama fuskata da hannu biyu, masu kaushin gishiri. "'Yata, kin riƙe ni da kyau. Ya isa haka. Je ki yi naki gidan."

A ƙarshen bazara aka ɗaura aure. Da za mu kama hanyar Coimbra, Mama ta cika mana bayan mota da busasshen kifi da man zaitun, ta sumbaci goshina, ta ja kunnen Telmo.

"In ta yi kuka, ni da kai ne."

"Ai ga shi tana yi, Dona Olinda."

"Wannan ba ya cikin lissafi. Ku tafi, kuna tare min rana."

Mota ta tashi. Na juya ina ɗaga mata hannu, ina tsoron in ga ta tsaya ita kaɗai a bakin ƙofa. Sau ɗaya ta ɗaga nata. Kafin mu sha kwana ta riga ta juya wajen katanga, hannu a ƙugu, tana nuna wa Dona Piedade yatsa.

Ina kuka ina dariya har muka hau babban titi. Telmo ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Amaryata," ya ce, "mu je gida."