Ranar da Aka Kama Baba Sannu da Laifin Gudu

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Auta tana da ƙoƙari, amma hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In ta ga abu a rufe, sai ta buɗe shi hankalinta yake kwanciya.

Mahaifinta ɗan sanda ne mai kula da hanya. Yana aiki da wata baƙar na'ura mai mariƙi. In ya nuna mota da ita, sai lamba ta fito a ɗan gilashinta, ta faɗi gudun motar. Abin yana ba Auta mamaki ƙwarai.

"Abba, wa ya gaya mata gudun motar?" in ji ta. "Ko tana da ido ne?"

Abba ya yi dariya. "Wata igiyar rediyo take aikawa wadda ido ba ya gani. Sai ta bugi mota ta dawo mata da labari. Amma kar ki taɓa ta. Kin ga wannan jan hatimin? Na hukuma ne."

Wata rana Abba ya dawo cin abincin rana, ya ajiye akwatin na'urar a kan tebur, ya shiga ɗaki. Auta ta dubi akwatin. Ta dubi ƙofa. To, kun san hali zanen dutse ne. Ta buɗe, ta ɗauko na'urar, ta nuna kyanwar gidan da ita.

Kyanwa ta tsorata, ta yi tsalle ta bi ta ƙafafunta. Na'ura ta suɓuce, ta faɗi ƙasa tim!

Auta ta sunkuya da sauri. Ta ɗauka ta duba. Gilashi bai fashe ba, amma jan hatimin ya tsage. Ta danne shi da yatsa, ta mayar da na'urar akwati, ta rufe. Abba ya fito da sauri, ya ɗauki akwatinsa ya tafi. Auta ta bar shi ya tafi da ita a haka.

Da yamma yayanta ya dawo daga makaranta ransa a ɓace.

"Abba, yau kun kama Baba Sannu," in ji shi.

Baba Sannu shi ne tsohon direban motar makarantarsu. Yara suka sa masa wannan suna saboda ba ya gudu ko kaɗan.

"Ni ma na yi mamaki," in ji Abba. "Doka ta ce arba'in a gaban makaranta. Na'ura ta nuna tamanin. Dole na karɓi lasisinsa."

"Tamanin? Abba, ina cikin motar. Wallahi har mai keke sai da ya wuce mu! Shugaban makaranta ya ce in ba a mayar masa da lasisi ba, za a nemi wani direba. Na ga Baba Sannu yana share hawaye."

Auta ta kasa cin abinci. Ta tuna ranar da aka yi ruwan sama, Baba Sannu ya riƙe mata lema har ƙofar aji. Kunya da tsoro suka rufe ta. Sai ta fashe da kuka.

"Abba, ni ce. Na yar da na'urar. Hatimin ya tsage, na ɓoye."

Abba ya tashi. Ya buɗe akwatin, ya duba hatimin, ya daɗe yana kallonsa.

"Kin yi laifi biyu," in ji shi. "Kin taɓa abin da aka hana ki, kuma kin ɓoye. Na biyun ya fi muni. Ni ma na yi nawa. Doka ta ce in duba hatimi duk lokacin da zan fara aiki. Yau na yi sauri, ban duba ba."

Auta ta ɗago kai. "Abba, har ku ma doka tana ba ku umarni?"

"Mu ta fara ɗaurewa, kafin direbobi. Gobe za ki raka ni ofis, ki faɗi abin da kika yi da bakinki."

Da safe suka je. Auta ta gaya wa shugabar su Abba komai. Shugabar ta aika su wurin mai gwada na'urori.

Mai gwajin ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, kamar ƙaramar gwafa.

"'Yata, karanta abin da aka rubuta a jikinsa."

"Hamsin," in ji Auta.

Ya buga ƙarfen a gefen tebur. Ƙarfen ya ɗauki ƙara siririya, ziiii. Ya kai shi gaban wata na'ura mai lafiya. Nan take lamba ta fito: hamsin.

Auta ta buɗe baki. Babu mota, babu hanya, ƙarfe yana nan a hannun mutum, amma na'ura ta ce hamsin!

"Ikon Allah!" in ji ta. "Sake yi in gani."

Mai gwajin ya sake bugawa. A wannan karon ya kai shi gaban na'urar Abba. Lamba ta fito: ɗari.

"Kin gani?" in ji shi. "Faɗuwa ta rikita ta. Doka ta ce na'urar da hatiminta ya tsage ba ta ba da shaida. Sai an gyara ta, an gwada, an sa sabon hatimi, an rubuta rana. Saboda na'ura ma takan yi kuskure, kuma ba a son a zalunci kowa."

Shugabar ta soke duk takardun laifin da aka rubuta jiya da yamma. Ta ja wa Abba kunne, ta miƙa masa lasisin.

Sun tarar da Baba Sannu a bakin makaranta, yana goge motar da aka hana shi tuƙawa. Abba ya miƙa masa lasisin da hannu biyu.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba ka yi gudu ba. Mu muka yi kuskure."

Auta ba ta taɓa ganin ɗan sanda yana ba direba haƙuri ba. Ta matso kusa. Ta durƙusa ita ma.

"Baba, ka yafe mini. Ni na jawo."

Baba Sannu ya yi dariya har da hawaye. "Tashi, jikata, na yafe. Tamanin? Ai ko tura motar nan aka yi daga kan tudu, ba za ta kai ba!"

Ranar Auta ce ta zauna kusa da direba. Mai keke ya sake wuce su, yara suka yi ta tafi.

Tun daga ranar, Auta ba ta taɓa abin da aka hana ta. In kuma ta yi kuskure, tana faɗa nan take. Ta gane cewa laifin da aka ɓoye, a kan wanda bai ji ba bai gani ba yake faɗawa.