Ungozomar da Haladu Ya Tare a Kan Dutse

Ku matso kusa, ku rage murya. Haladu ne abin ya faru da shi, ƙanen mijin Inna Barira, wanda ya karanci ilimin taurari a jami'a.

Aikin da aka ba shi shi ne ya auna taurari nawa ake haifa duk shekara a wani gungun taurari mai nisan gaske. Sababbin suna da jan haske a kewayensu, ƙarfin hasken nan yake aunawa. Fitilun gari suna ɓata masa hoto, sai ya ɗaure na'urar hangen nesa a babur, ya hau dutsen bayan ƙauyenmu shi kaɗai.

Ya kafa na'ura, ya sa ido. Can ya lura gyare sun yi tsit. Sai ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya, irin na wankan jego.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

Wata tsohuwa ce tsaye a gabansa, hannuwanta jiƙe sharkaf. Amma muryar daga bayan wuyansa take fitowa.

"Yawwa, Iya," ya ce.

"Me kake leƙe?"

"Taurari nake ƙirgawa. Sababbin haihuwa."

"Da izinin wa? A gidanku ana leƙa ɗakin mai jego?"

Ya sunkuyar da kai don ladabi. A nan ya ga ƙafafunta. Duga-dugan ne a gaba, yatsun suna kallon baya.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, ya rasa farkonta.

"Uku ne bana," ta ce. "Ni na karɓi haihuwarsu. Na huɗun yana hanya, ka tsayar da ni."

Ta miƙo yatsa mai sanyi kamar ƙanƙara, ta shafa masa idon dama.

"Tunda gani kake so."

Bai san yadda ya sauko ba. Babur da na'ura duk ya bar su can. Ladan ne ya tsince shi da asuba a ƙofar masallaci, ba takalmi.

Bayan wata biyar ya kammala lissafinsa. Uku ya samu. Malamansa suka yaba, shi kuwa ya tattara takardun ya bar aikin.

Har yau idon nan taurari yake gani, da rana tsaka, ko ya rufe shi. Sai ya ɗaure shi da ƙyalle yake samun barci.

Kada ɗayanku ya hau dutsen nan shi kaɗai bayan isha'i. In kuma an yi muku sannu a can, kada ku amsa.