Safar Hannu Mai Shan Iska

Ranar da Mashudatu ta shiga shagon Andani a unguwar Moshi Zongo da ke Tamale, tela kawai take nema. Sabuwar injiniya ce, tana ƙera safar hannu ta yadi wadda ake hura wa iska, ta lanƙwasa yatsun wanda hannunsa ya shanye. Sai dai iskar tana tserewa ta wurin ɗinki. Teloli huɗu sun yi mata dariya.

Andani, mai ɗinkin batakari, rigar saƙi ta gargajiya, ya juya ƙyallen, ya ce, "Madam, ba laifin iska ba ne. Wa ya yi miki wannan ɗinkin?"

"Ni."

"Allah ya yafe miki. Zauna."

Kowace safa sai an gwada, hannun da ke kusa kuwa nasa ne. Wata uku kullum da la'asar tana riƙe da yatsunsa tana aunawa. Mutanen unguwa, da ba su taɓa karanta bincike ba, suka riga ta fitar da sakamako.

Maganar ta kai Jisonayili, wurin mahaifinta Alhaji Zubeiru.

"Hannu nawa ne a Tamale?"

"Baba, aiki ne."

"Nemi wani hannun. Ban kai ki jami'a don ki ƙare a gindin keken ɗinki ba."

Ta daina zuwa. Ta koma gwaji da hannun Awal, abokin aikinta mai mota, wanda Alhaji ke yabo. Safa uku suka fashe. Sai ga saƙo daga Andani:

"Injiniyata, ki ninka ɗinkin wuyan hannu sau biyu, nan yake yoyo. Kada ki zo. Ba na so Baba ya sunkuyar da kai saboda ni."

Ta amsa: "Telana, na ninka. Safar ta warke. Ni ce ban warke ba."

Da safe ta miƙa wa mahaifinta wayar. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Wato ya koya miki yadda za ki yi ba tare da shi ba?"

"I, Baba."

"Ko wawa ne, ko mutumin kirki. Ce wa manyansa su kawo goro in gani."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Alhaji, wanda ya binne matarsa shekara tara da suka wuce, ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya kuma bar ku ku tsufa tare. Wannan ba kowa ake bai wa ba."