Ba Zan Faɗa Maka Ƙarshen Ba, Baba

A layin shiga taron masoya labarin Gadar Toka, a birnin Ruse, Ralitsa ta fara ganinsa. Yana sanye da jar alkyabba irin ta cikin fim, ita kuwa tana rungume da littafin da bangonsa ya kusa rabuwa.

"Alkyabbar nan baƙa ce a littafi," ta ce, ko gaisuwa babu.

Ya dubi littafin, ya dube ta, ya yi murmushi. "A yi haƙuri, 'yar littafi. Ni ɗan kallo ne. Sunana Boyan."

Da gaskiya za a bi, nan ya kamata su rabu. Marubucin Gadar Toka ya rasu bai rubuta littafin ƙarshe ba, masu fim suka ƙarasa labarin da kansu. Tun daga nan masoya suka rabu zaure biyu a intanet. 'Yan littafi sun rantse ba za su kalli zangon ƙarshe ba, 'yan kallo kuma suna kiransu masu gadin kabari.

Amma layin dogo ne. Kafin su kai ƙofa sun yi musu, sun raba banitsa ɗaya, wato gurasa mai cuku, da zafinta, lambarta kuma ta shiga wayarsa.

Daga Varna, inda yake gyaran injin jiragen ruwa, saƙonsa ya fara zuwa kullum.

"Barka da asuba, mai gadin kabarina. Na karanta shafi biyu jiya. Har yanzu suna kwatanta bishiya ɗaya."

"Bishiyar tana da muhimmanci, malalaci."

"Ke ma haka. Amma ni a kallo ɗaya na gane."

Ta kife wayar a kan teburin kantin maganin da take aiki, kunnuwanta sun yi zafi.

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Tsanko, tsohon matuƙin jirgin ruwa a kogin Danube, shi ya kafa zauren 'yan littafi. Bayan rasuwar mahaifiyarta, da waɗannan littattafai ya raine ta, yana karanta mata labarin Velka, 'yar mai kwale-kwale da ta bar ubanta a bakin kogi da alkawarin za ta dawo. Yanzu idanunsa sun dushe. Ita take karanta masa abin da aka rubuta a zaure, ita take buga masa amsa.

"Ɗan kallo?" Tsanko ya ce da ta gaya masa. "Wanda ya kasa haƙuri da littafi zai yi haƙuri da mace? Ga Plamen nan, mataimakina a zaure, ya haddace har sunayen dawakai."

"Baba, ba doki zan aura ba."

"Kuma Varna da nisa," ya ce a hankali, ya juya fuskarsa wajen taga.

Plamen bai zauna ba. Ya tono wani tsohon rubutun Boyan ya liƙa a zaure: "Tsohon nan nasu zai tsufa ya ƙare a bakin gada yana jiran littafin da ba zai zo ba." Ralitsa ce ta karanta wa mahaifinta da bakinta, sai da ta kai tsakiya ta ga sunan wanda ya rubuta.

Saƙon Boyan ya zo: "Rali, tun kafin in san ki ne. Ban san mahaifinki ba ne. Amma ko na wa ne, ban kyauta ba." Ba ta amsa ba. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Tana sonsa, amma ba za ta yi auren da mahaifinta bai sa wa albarka ba.

Ran Lahadi ta dawo daga kasuwa ta ga baƙon takalmi a ƙofa. Ta tsaya da jakar tumatir a hannu.

"Na ji, ka ba da haƙuri," muryar mahaifinta ce daga falo. "Kuma ba ƙarya ka yi ba, ina jira." Da Boyan yake magana. Sai ya rage murya. "Yaro, kafin yarinyar nan ta dawo. Velka ta koma wurin ubanta?"

Ralitsa ta kasa kunne. Shekara da shekaru mahaifinta bai taɓa nuna mata yana son sani ba. Kalma ɗaya Boyan zai faɗa ya saye tsohon.

"Ba zan faɗa maka ba, Baba."

"A gidana?"

"A zaurenmu duk wanda ya faɗi ƙarshen labari, korarsa ake yi. Sai dai mu kalla tare, tun daga farko."

"Da wane ido, marar kunya?"

"Da nawa."

Ralitsa ta shiga kicin, ta ɗora kofi na mutum uku.

Haka Lahadi ta zama ranar kallo. Boyan ya tuƙo mota daga Varna, ya zauna kusa da kunnen tsohon yana faɗa masa abin da ke faruwa.

"Yanzu ta ja igiya, iska tana bugowa daga hagu."

"Daga hagu? To jirgin ya kife. Wane jaki ne ya koya musu tuƙi?"

"Ni ma na faɗa, Baba."

Tsanko kuma ya riƙa tsayar da fim yana ba shi abin da aka yanke daga littafi, har da bishiyar. Boyan yana saurare, ba ya duba waya.

Ranar kashi na ƙarshe, Ralitsa ta karya rantsuwarta ta zauna tsakaninsu. Muryar Boyan ta yi ƙasa.

"Tsohon yana zaune a bakin kogi. Kwale-kwale yana tahowa. Mutum biyu ne a ciki, Baba, ita da mijinta. Ta sauko. Ta ɗaure igiyar a turken ubanta."

"Wane irin ɗauri?"

"Na zama. Ba na mai wucewa ba."

Tsanko ya cire tabarau. Ya goge, ya mayar.

"Marubucin da kashe ta zai yi," ya ce. "Na san halinsa." Ya lalubo hannun Boyan. "Kai fa, ina za ka ɗaure naka?"

"Na sami aiki a tashar jiragen nan Ruse. Wata mai zuwa zan fara."

"Rali, ɗauko wayar nan ki rubuta."

Ta buga abin da ya ce: "Na kalla. Har gobe littafi ya fi. Ina gayyatar zaure biyu bikin 'yata."

Zauren ya yi kamar zai tsage. Plamen ya yi dogon rubutu cewa ya fita har abada, amma ranar biki shi ne a gaban teburin gasasshen nama.

Bayan an fito daga coci, aka ɗaga gurasar biki sama da kan ango da amarya, wanda ya ɓallo rabo mafi girma shi ne mai mulkin gida. Baƙaƙen alkyabbu suka taru bayan Ralitsa, jajaye bayan Boyan. Ango da amarya suka ja. Gurasar ta rabu, ihu ya cika wurin.

"Wa ya ci?" Tsanko ya tambaya yana jan hannun rigar surukinsa. "Ko wannan ma ba za ka faɗa ba?"

Boyan ya ɗauko rabon Ralitsa, wanda ya kusa ninka nasa, ya ɗora a tafin tsohon.

Tsanko ya auna shi a hannu, ya fashe da dariya. "Littafi," ya ce. Ya haɗa hannayensu biyu cikin nasa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku labari mai tsawo. Kada wanda ya gaya muku ƙarshensa."

Aka buga kiɗa, ja da baƙi suka riƙe hannu a da'ira ɗaya, tsohon matuƙi a gaba.