Katin Auren Shehryar

"Kati ɗari huɗu kacal, 'yata. Fari tas, da furen motiyar nan na babanki a ciki."

Nayab ta tsaya da tiren shayi a hannu, ta kasa ajiyewa. Tayi Ammi, matar wan mahaifinta, ta baje a kujera tana buɗe kwalin alewar laddu, kai ka ce albishir ta kawo.

"Katin wa?"

"Ke kuma! Na ɗana Shehryar mana. Saura wata biyu biki."

"Katin auren Shehryar... ni zan yanka?"

"To wa zai yanka? Injin lezan surukinsa ƙona bakin takarda yake yi, duk sai ƙaurin hayaƙi. Amarya ta ce ita fa sai furen da ta taɓa gani a bikin ƙawarta. Allon furen kuwa yana gidan nan. Abin da ya wuce ai ya wuce, ko?"

Nayab ta dire tiren har shayin ya fantsama.

"Wallahi Tayi Ammi, ba ku da kun..."

"Nayab!"

Muryar Abbu ce, mahaifinta. Bai ɗaga ta sosai ba, amma ta isa. Ya juya ga matar wansa, kansa a ƙasa.

"Za a yi, Bhabi. Ki gaida Yaya."

Kaf kasuwar masu kati ta Lahore babu wanda bai san Abbu ba, wato Ustad Riaz. Shi ke lanƙwasa siririyar wuƙar ƙarfe ya dasa ta cikin katako, ta zama allon yanka. A ɗora takarda, inji ya danne, fure ko ganye ya faɗo kamar an tsinko shi a lambu. Shehryar yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kawo shi wajensa koyon sana'a. A gidan ya ci, a gidan ya girma, a gidan kuma ya zura wa Nayab zobe a gaban dangi.

Shekara uku da baikon, babban inji ya cinye wa Abbu yatsu uku. Yana kwance a asibiti Shehryar ya kwashe allunan yanka, wai zai adana su. Ashe shagon Haji Mumtaz ya kai su, shi da masu sayen kayan Abbu gaba ɗaya. Kafin raunin ya warke labari ya iso: an ba shi Areeba, 'yar Hajin. Allon motiya kaɗai ya tsira, don yana ƙarƙashin gadon Abbu. Babban injin kuwa sai da aka sayar.

"Abbu, me ya sa?" ta tambaya bayan baƙuwar ta fita, hawaye na zuba. "Sun karya ka, sun wulaƙanta ni, yanzu kuma mu yi musu ado?"

"Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi kaɗai ya rage mini."

"Ni fa?"

Abbu ya kau da kai, yana shafa dungulmin hannunsa.

Ta share fuska da gefen mayafi. Wani abu mai sanyi ya sauka a ƙirjinta, ya zauna daram.

"Shi ke nan. Zan yi musu katin da ba za su manta ba."

Washegari ta sayar da zoben baikon da aka ce ta riƙe don tausayi, ta tari riksha mai ƙafa uku zuwa kasuwar Urdu Bazar. Shagon injuna na can ƙarshen wani lungu, mai shagon kuma saurayi ne dogo mai tabarau, sunansa Talha.

"Baji," ya ce, kamar mai kiran yayarsa, "ga wannan ɗan ƙaramin, 'yan mata na son sa. Ruwan hoda ne, ya shiga jaka."

"Na ce maka kwalliya na zo saya?"

Ya gyara tabarau, yana danne dariya. "Allah ya ba ki haƙuri. Me za ki yanka?"

Ta kwance ƙyalle ta fito da allon motiya. Nan take fuskarsa ta sauya. Ya karɓa hannu bibbiyu, ya bi bakin wuƙar da ɗan yatsa.

"Wannan aikin Ustad Riaz ne! Babu mai lanƙwasa ƙarfe haka sai shi."

"Mahaifina ne."

"To manta da mai ruwan hoda, wannan allon ba zai ma shiga bakinsa ba. Na lantarki kuma, da wutar garin nan, sai ki kwana kina jira. Zo ki ga."

Ya janyo wani baƙin inji mai nauyi, mai faɗin baki, da mariƙin juyawa a gefe. Ya nuna mata yadda ake jera abin: faranti a ƙasa, allo, takarda, faranti a sama, sannan a tura tsakanin ƙarafa biyun da ke murzawa.

"Idan bai yanke sosai ba, ki ƙara kwali siriri guda ɗaya. Ɗaya fa! Idan ya cije, kada ki yi masa dole, ki juya baya. Inji ba ya son fushi."

"Takarda nawa yake ci lokaci guda?"

"Huɗu."

"Ko mai rubutu a jiki? Ko wadda ta sha gam?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Kina tambaya kamar mai sayen wuƙar layya."

Rabonta da dariya wata bakwai. Sai ga ta ta kuɓuce mata.

Shi da kansa ya kawo injin gida, ya durƙusa ya gaida Abbu kamar wanda ya ga malaminsa. Daga ranar bai rasa dalilin dawowa ba. Yau ya kawo man shafa wa ƙarfe, gobe wai ya zo duba ko mariƙin na ƙara. Ya zauna su sha shayi da Abbu, idonsa na kan ƙofar ɗakin aiki. A sati na uku "Baji" ta ɓace daga bakinsa.

"Nayab... in na turo Ammina, mahaifiyata, da maganar aure, za a ba ta shayi ko za a kore ta?"

Ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka ɗau zafi. "Bari in gama aikin nan tukuna."

Aikin kuwa ba wanda ya san asalinsa sai ita.

Tana da wani babban kundi da ta shekara shida tana ƙawatawa. Duk guntun takardar da Shehryar ya taɓa rubuta mata a shago ya cusa mata a littafi, tana ciki, manne da busassun furanni da zare mai ƙyalli. "Nayab, raina." "Ke ce hasken idona." "In ba ke ba sai kabari." Ɗaya bayan ɗaya ta ɓamɓaro su, ta jera a kan allon motiya, ta juya mariƙi. Ƙarar da farantin ke yi in wuƙa ta ratsa takarda ta fi mata kowace waƙa daɗi.

Furen hawa uku ne, naɗe a tsakiyar kati. Daga waje fari ne sol. Sai an buɗe katin ya miƙe ya baje, sannan rubutun ya fito ɓaro-ɓaro, da hannun ango, da sunanta.

Wata ranar Laraba da hantsi Talha ya shigo da sabon faranti, ya tarar da tebur cike. Ya ɗauki kati ɗaya ya buɗe. Ya karanta. Ya buɗe na biyu.

"Mene ne wannan?"

"Ajiye mini kayana."

"Nayab, katin auren mutane ne! Gida ɗari huɗu zai shiga!"

"Shi ya sa na yi ɗari huɗu."

"Yarinyar fa? Me ta yi miki?"

Ta fizgo wata takarda daga ƙasan kundin ta manna masa a ƙirji. "Karanta! Dubi kwanan watan. Sati uku bayan baikonsu ya aiko mini."

Talha ya karanta a hankali: "Shagon ubanta nake aure, ba ita ba. Ki jira ni shekara biyu, raina."

Ya ɗago ya dube ta. "To ki kai mata wannan ita kaɗai, a ɓoye. Ni zan raka ki."

"A ɓoye? Ni a ɓoye aka yasar da ni? Layin nan kaf sai da suka leƙo suna kallona! Mata suna nuna ni a wajen biki! Mahaifina ya zauna wata uku ba mai sallama a ƙofarsa!"

"Na sani..."

"Ba ka sani ba!"

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ina son ki, Nayab. Wallahi ina son ki. Ki bar shi ya tafi da halinsa, ki zo mu yi namu. Har yanzu shi ne cike da zuciyarki, ko da da ƙiyayya ne. Ina zan zauna?"

Maganar ta soke ta. Na ɗan lokaci ta ji kamar ta tattara katunan ta watsa a murhu. Sai idonta ya faɗa kan kundin da ya zama fanko, shafi bayan shafi duk tabon gam.

"Ajiye farantin ka tafi."

Ya ajiye. Ya tafi.

Wasiƙar ƙarshen ita ta yanka da allon a tsanake, ta daidaita ta yadda layin zai faɗo a tsakiyar fure. Ta sa ta a katin farko, wanda ake kai wa surukai da kwalin kayan zaƙi. Tayi Ammi ta duba farin samfurin da aka nuna mata, ta yi ta sa albarka, ta kwashi ambulan ɗari huɗu a liƙe.

Kwana biyu aka yi shiru. A na uku gari ya ɗauka.

A shagunan shayi ana karanta furanni da ƙarfi ana tafawa. Mata suna kiran juna a waya: "Ke me naki ya ce? Nawa 'hasken idona' ne!" Kafin la'asar Haji Mumtaz ya sa an watso kayan Shehryar a titi, ya mayar da kayan baiko a bayan riksha.

Shehryar ya faɗo gidan kamar mahaukaci, gashi a hargitse.

"Kin kashe ni! Kin kashe ni, Nayab!"

Tana tsaye a bakin ɗakin aiki, hannu a harɗe. "Ni? Akwai harafi ɗaya da na ƙara?"

"Raina, ki saurare ni... dama ai ke nake..."

"Kul! Kada ka sake kira na da sunan nan. Na raba shi gida ɗari huɗu, je ka tsinto."

Ya juya wajen Abbu, ƙanin mahaifinsa. "Chacha, ka yi mata magana!"

Abbu bai ko ɗago ba. Haka Shehryar ya fita yana tuntuɓe da dokin ƙofa.

Daɗin da ta ji a ranar ba ƙarya ba ne. Ta ci abinci har da ƙari.

Amma da safe saƙon Taya Abbu, wan mahaifinta, ya iso: ko gawarsa kada Riaz ya zo. Abbu ya sa farar rigarsa ya tafi duk da haka, ya tsaya a ƙofar yayansa tun hantsi har azahar, ba a buɗe ba. Da rana kuma wata mai aiki ta kawo ambulan daga Areeba. Layi biyu ne a ciki: "Na gode da kika faɗa mini. Ban yafe miki yadda kika faɗa ba."

Sati guda ta daure, sannan ta je Urdu Bazar. Talha na goge wani inji. Ya miƙe da ya gan ta.

"Na gama aikin," ta ce. "Ka ce... Amminka..."

Ya ajiye tsumman hannunsa.

"Na ce mata ta bari."

"Talha..."

"Ban daina son ki ba. Amma wata rana zan ɓata miki rai, kowane miji yana yi. Na ga yadda kike jira, na ga yadda kike murmushi kina juya mariƙin nan. Tsoron ki nake ji, Baji."

Ba ta san yadda ta iso gida ba. Ta tarar da Abbu zaune a kan tabarma a tsakar gida, ya yi kwana bakwai bai ce mata uffan ba. Ta zube a gabansa, kukan da take riƙewa tun daga kasuwa ya ɓalle.

"Abbu, ka zage ni! Ka dake ni! Na raba ka da ɗan'uwanka, na kori mutumin kirki... ka ce wani abu!"

Ya ɗago haɓarta da yatsu biyun da suka rage masa.

"Kin huce?"

Ta girgiza kai. "Ban huce ba, Abbu. Na ɗauka zan huce."

"Ba ke nake wa shiru ba, 'yata. Kaina nake wa." Idanunsa suka kawo ruwa. "Tun kafin ki liƙe ambulan na shiga ɗakin, na buɗe kati goma na karanta. Kalma ɗaya ta isa in hana ki. Na mayar da su yadda suke, na ja ƙofa."

Ta zuba masa ido, baki a buɗe.

"Ina so a rama mini, ban da ƙarfin halin yi da hannuna, sai na bar ki kika ɗauka ke kaɗai. Ki yafe wa babanki."

"Abbu..."

Ta kifa kanta a gwiwarsa. Ya rungume ta da hannunsa mai lafiya, kafaɗunsa na girgiza, suka yi ta kuka su biyu a tsakar gidan, babu mai rarrashin wani.