Rodin da Lauwali Ya Kafa

Rana ta yi ja tana gangarawa bayan rumbunan Gummi. Habsu na kwasar tuwo a madafa, mijinta Lauwali tela kuwa yana durƙushe gaban sabuwar rediyonsa, babba mai cin kaset da sifika biyu, wadda ya sayo a Gusau. Tun ranar da ya jona ta take wani ƙugi ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ya sauya soket, ya sauya waya, ya goge bakin kaset da auduga, ya nesanta ta da fanka. Ƙugin yana nan. Sharu mai gyaran rediyo ya gaya masa wuta ce ba ta samu hanyar ƙasa ba, ya kafa rodi a wuri mai damshi ya ɗaura waya daga jikin rediyon.

Wuri mai damshi ɗaya ne a gidan, gindin wani tsohon kututturen tsamiya a bayan ɗaki. Nan ya kafa rodin a wannan yammacin. Ƙasa ta yi ta gardama, sai a bugun ƙarshe ƙarfen ya shige sulu kamar an soki kabewa. Ya dawo ya kunna, ƙugi ya ɗauke, har ya yi murmushi.

Da aka kira magariba ya kashe rediyon. Sifikar hagu ba ta yi shiru ba. Numfashi take yi a hankali, sa'annan numfashin ya zama kukan jariri, siriri, na wanda ya gaji da kuka. Lauwali ya zare soket. Ya tsinke wayar sifikar da hannunsa. Kukan bai ko ragu ba sai da duhu ya gama rufa gari.

Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Sharu ya zo ya kwance rediyon bai ga komai ba. Ya zauna har magariba, ya saurara, ya sa takalmansa ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Daga nan aka fara jifa. Duwatsu na sauka a kan kwano ɗaya bayan ɗaya, a fita a duba ba kowa, dutsen kuma da ɗumi. Lauwali ya kai rediyon shago, kukan ya koma fitowa daga bango. Rodin bai zo masa a rai ba, don shi ne abu guda da ya ga ya yi amfani.

Zuhura, 'yarsu tilo, ba ta wuce sha uku ba. Wata yamma aka aike ta ɗebo itace ta daɗe. Suka same ta zaune a gindin kututturen tana jijjiga hannuwanta, babu komai a cikinsu. Habsu ta kira sunanta. Ta ɗago ido, da muryar wata babbar mace ta ce, "Ni ba ɗiyarki ba ce."

Ta daina ci, ta daina barci. Lauwali, wanda bai taɓa rasa abin da zai gwada ba, ya zauna bakin ƙofa hannu a kan gwiwa.

A kan babur ya ɗauko Malam Atiku daga Gwashi, dattijo mai ƙarancin magana. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya riƙe babban yatsan yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cika tsakar gida kafin jikinta ya sandare.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai wurin. Tun ba a sare tsamiya ba nike nan."

"Mi yarinyag ga ta yi miki?"

"Ba ita ba. Ubanta. Ɗana na barci yak kafa mai ƙarfe a kunne. Yanzu ina kira nai, ba shi ji na."

Sai a lokacin Lauwali ya tuna da rodin. Aljanar ta ce Zuhura take so a madadin ɗanta. Malam ya ce mutumin bai gani ba, bai nufa ba, kuma ba a kama wani da laifin wani. Ya ƙara karatu har ta yi ƙara. Ta nemi a zare ƙarfen, a bar mata wurin kada a sake taka shi. Aka yarda. Lauwali ya je ya zare rodin.

"Zan fita," in ji ta. "Amma sai shi ma ya kira ba a ji shi ba."

"Ɗauki nawa kunnen," in ji Lauwali. "Don Allah."

"Naka ba ya yi maka ciwo."

Malam ya ɗaga murya, amma Zuhura ta riga ta yi atishawa ta zube. Jifa ta tsaya, kuka ya ɗauke.

Da hantsi Zuhura ta farka ta nemi kunu, ta sha, ta fita tsakar gida tana wanke kwanonta. Lauwali ya tsaya a bayanta ya kira ta a hankali. Ya sake kira da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ta ci gaba da wanke kwanon. Habsu ce ta zo ta dafa kafaɗarta, sai ta juyo tana murmushi, ta ga fuskar ubanta, ta ce, "Baba, mi ya sa kake kuka?"